Sarki Nomau da Mazauna Unguwar Shiru

A zamanin da ganuwar Birnin Dargaza ke tsaye da tsawonta, fatake kuma ba su da hanyar zuwa kudu sai ta cikin kasuwarsa, an yi wani Sarki da ake kira Nomau ɗan Gimba. Bai fi sarakunan da suka gabace shi ƙarfi ba, bai fi su kwarjini ba. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, in ana yi masa magana sai ya karkata kai gefe guda kamar mai ciwon kunne. Fadawa sun daɗe suna yi masa dariyar wannan a bayan idonsa.

Dargazawa mutane ne masu ji da kansu, ni kuwa ban ga laifinsu sosai ba, don suna da abin da za su ji da shi. Rumbunansu cike suke, marinarsu ta yi suna, kuma babu ƙasar da ta kai su iya ɗinkin lifidi, rigar nan mai kauri da ake cusa wa auduga a sa wa doki da mahayinsa don kada kibiya ta shige su. Sai dai suna da wata al'ada da ta zame musu ƙarfen ƙafa: ba a maganar faɗuwar yaƙi. In runduna ta dawo a kore, sai ta shigo gari ba kiɗa, a cire wa Madawakin da ya ja ta rawani, a ce tauraronsa ya faɗi, a kai shi wata unguwa bayan ganuwa ta yamma da ake kira Unguwar Shiru. Ba a dukansa, ba a hana shi abinci, har gona ake yanka masa. Amma ba zai ƙara taka fada ba, kuma daga shi har kowa babu mai sake ambaton ranar. A ganinsu nasara abu ce da ake haihuwar mutum da ita. Wanda bai zo da ita ba ba zai koye ta ba, don haka ba su ga amfanin tambayarsa komai ba.

Kudu da birnin akwai Gulbin Maraki, kuma wuri ɗaya ne jaki mai kaya ke iya tsallake shi, wato Mashigin Tsamiya. Kwatawa, mutanen ruwa masu kwale-kwale, sun kama mashigin tun zamanin mahaifin Nomau. An tura Madawaki Dambo ya dawo a kore. Da Nomau ya hau gado aka tura Madawaki Jatau, shi ma ya dawo a kore. Su biyun suna can Unguwar Shiru suna noman gero. A bazarar da muke magana, madugan fatake suka aiko cewa in damina ta faɗi ba a buɗe mashigin ba, za su sake hanya, ba za a ƙara ganin ayarinsu a Dargaza ba.

Ana cikin shawarar wannan a fada sai Sankira, mai shelar Sarki, ya sanar da isowar jakadan Kwatawa. Jakadan ya shigo ɗauke da ƙaton gora irin wanda masunta ke kifa ciki a kai su yi iyo. Ya ajiye shi gaban karaga, ya faɗi ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "Ubangidana Ɗantunku, Sarkin Kwatawa, yana gaishe da Sarkin Dargaza. Ya ji kuna shirin sake kai masa ziyara, shi ne ya ce a kawo wannan, Sarki ya rungume shi in ruwa ya fi ƙarfinsa. Ya ce 'ya'yansu ma da shi suke fara koyo."

Fada ta ɗauki zafi, barade suka kai hannu ga takubba. Galadima Barmo, babban mai shawara, dattijo mai farin gemu da murya kamar ta tambari, ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Tun da aka aza harsashin ganuwar nan ba a taɓa shigo da raini irin wannan cikin zauren nan ba. A fasa goran nan a kan wanda ya kawo shi. A naɗa sabon Madawaki wanda tauraronsa ke sama, a fito da lifidin da ke cikin gari duka, har wanda ake ɗinki, a je a shafe Kwatawa. Abin da kakanninmu za su yi ke nan, kuma ba mu fi su sani ba."

Sarki bai dube shi ba. Idonsa na kan goran. Ya karkata kai ya ce wa jakadan, "Ta ina ake riƙe shi?"

Fadawa suka dubi juna, domin a Dargaza Sarki ba ya tambaya, ana ɗauka an haife shi da sanin komai. Sankira ya yi wuf don ya rufa asiri, ya ce, "Zaki ya sani sarai, gwada ka yake yi, baƙo."

Sarki ya ce, "Ban sani ba, Sankira. Bar shi ya nuna mini."

Jakadan da ya zo da shirin a zage shi ko a sare shi ya rasa yadda zai yi. Haka ya kifa cikinsa a kan gora gaban manyan Dargaza yana wutsil-wutsil da ƙafafu a kan shimfiɗa. Sarki ya kalle shi har ya gama, ya sa aka ba shi riga, ya ce ya gaya wa Ɗantunku kyauta ta iso kuma an gode.

Bayan an sallami baƙo Sarki ya ce, "Galadima, Magajiya, Barde, Sarkin Baka, da ku sauran masu riƙe da ƙasa tare da ni, ku saurara. Sau biyu mun je mashigin nan da dawakin da suka fi na kowa, sau biyu mun dawo da kai a ƙasa, kuma a cikin zauren nan babu wanda zai iya gaya mini me ya faru. Waɗanda suka sani suna bayan ganuwa suna noma. Gobe zan je in tambaye su."

Galadima ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarki ba ya taka Unguwar Shiru. Rashin sa'a yana naso. In Zaki ya zauna da waɗanda tauraronsu ya faɗi, wa zai yarda ya bi tutarsa? Kuma wane Madawaki ne zai karɓi runduna da shawarar korarru?"

"Ba sai an naɗa kowa ba," in ji Sarki. "Ni zan ja rundunar da kaina."

Galadima ya shafa gemu. "To in abin da ba ma fata ya auku fa? Al'ada ba ta ware kowa ba, Zaki."

"In aka koro ni, ku cire mini rawani, ku yanka mini gona kusa da ta Jatau. Ku shaida."

Galadima ya ce sun shaida, kuma ya faɗe ta da saurin da bai dace da dattijo ba. Kowa a zauren ya san Ciroma Yari, ɗan baffan Sarki, wanda gado zai koma wa, surukin Galadima ne. Shi Ciroman yana gefe yana gyangyaɗi, don mutum ne da abinci da barci suka ishe shi duniya.

Magajiya Tasalla, ƙanwar mahaifin Sarki, wadda takobin sarauta ke ajiye a hannunta, ta tsaya bayan kowa ya fita. Ta ce, "Ɗan nan, ka san abin da ka ɗora a faifai kuwa?"

Ya ce, "Na sani, Gwaggo. Alfarma ɗaya nake nema. Ki riƙe mini shari'ar gari ke da Alƙali, da karɓar baƙi, da rigimar kasuwa. Daga yau har in ga bayan wannan al'amari, kaina ba zai ɗauki komai ba sai mashigin nan."

Ta dube shi ta ce, "Ubanka da zai ji wannan da ya ce ka haukace. Ni kam na daɗe ina jiran wanda zai haukace irin haka. Je ka."

Da hantsi Sarki ya isa Unguwar Shiru a ƙasa, da dogari ɗaya. Ya tarar da Dambo da Jatau a gindin wani marke suna dara. Dambo ya tsufa har gira ta yi fari, Jatau kuwa da sauran ƙarfinsa, sai dai ya rame. Suka zube suna gaisuwa, don sun zaci hukunci ne ya biyo su. Sarki ya zauna a kan tabarmarsu ya ce, "Ba da laifi na zo ba. Tambaya na zo yi. Jatau, me ya faru bayan dawaki sun shiga ruwa?"

Jatau ya sunkuyar da kai. "Zaki, tauraro ne ya faɗi."

"Ban tambaye ka sama ba, ruwa na tambaye ka."

Ranar dai bai samu komai ba sai gaisuwa da addu'a. Ya dawo washegari, ya sake dawowa, yana zama yana kallon dararsu, yana maimaita tambayar nan guda ba tare da ya ɗaga murya ba. Mutanen da aka shekara da shekaru ana koya musu shiru ba sa buɗe baki don an ce su buɗe. Sai wata safiya Jatau, yana riƙe da ɗan dara a hannu, ya fara magana kamar da ƙasa yake yi.

Ya ce, "Sun tare mu a wannan gaɓa, muka yi musu kaca-kaca, suka juya suka faɗa ruwa. Muka bi su. Ruwan bai wuce ƙirjin doki ba. Amma kafin mu kai tsakiya na ji dokina yana nishi, na ɗaga hannu in yi sara na ji kamar an ɗaura mini turmi. Audugar lifidin ce ta sha ruwa, ranka ya daɗe. Da muka fita ɗaya gaɓar laka ce, dawaki suka nutse har gwiwa, ba gaba ba baya. Nan suka same mu."

Ɗan daran da ke hannun Dambo ya faɗi. Ya ce, "Kai ma?"

Jatau ya ɗago. "Baba Dambo, kai ma haka aka yi maka?"

"Haka, ko ɗigo ba ka canza ba. Sannan jiragensu suka fito daga duhuwar kyauro ta hannun hagu, suka yi ta sukanmu da masu kamar kifi." Hawaye suka bi gemun tsohon. "Shekarun nan duka ina kwana ina tashi da cewa ni ne mai baƙar ƙafa, ni na kashe 'ya'yan mutane. Ashe riga ce ta jiƙe. Ga ka nan kullum muna dara, ban taɓa tambayarka ba."

Abin ya ba Sarki tausayi ƙwarai, ya kuma ba shi haushi, don da Dambo ya sami bakin faɗin wannan tun farko da ba a kai Jatau da mutanensa ga halaka ba. Amma a ƙarƙashin haushin akwai wani farin ciki da ya kasa ɓoyewa. Tauraro ba shi da magani, jiƙaƙƙiyar auduga kuwa tana da shi.

Daga ranar aiki ya koma tafkin bayan gari. Sarki ya sa aka tattaro goruna daga ƙauyuka, ya ce wa Sarkin Baka, shugaban maharba, mutanensa za su koyi tsallake ruwa da kwari da baka a ka. Maharba suka yi turus, don babu wanda ke son a gan shi yana facal-facal kamar agwagwa. Sai Sarki ya tuɓe alkyabba ya ɗauki goran Ɗantunku ya fara shiga. Goran ya juye da shi nan take, ya sha ruwa har ya ƙoshi, aka jawo shi yana tari. Mata masu wanki suka rufe fuska da gyale, kafaɗunsu na girgiza. Ya huta kaɗan ya sake shiga, ya sake juyewa. Da ya yi ta yi har ya kai tsakiyar tafkin ya dawo, maharba suka ga babu sauran kunyar da ta rage musu, suka bi shi. Karon farko da suka tsallake duka tsirkiyoyin bakansu suka jiƙe suka saki. Sarki bai yi faɗa ba, ya tara su a bakin ruwa ya tambayi yadda za a yi, har aka dace a kan a kwance tsirkiya a zura ta cikin goran a toshe bakinsa.

Galadima bai zauna haka nan ba. Kullum sai ya zo bakin tafki da wani labari mai zafi. Yau mahara sun kore shanu a iyakar arewa, lalle Sarki ya hau da kansa. Gobe Sarkin wata ƙasa yana bikin 'yarsa, rashin zuwa cin fuska ne. Sarki yakan saurare shi da karkataccen kansa har ya gama, sannan ya ce, "A tura Barde da 'yan dawaki, a mayar wa makiyaya abin da suka rasa daga garkena," ko kuwa, "Magajiya ta aika da gaisuwa." Daga nan sai ya juya ga goransa. Ban ce shanun ba su dame shi ba, sun dame shi. Amma ya san in ya bi kowace ƙura da ta tashi damina za ta same shi a hanya.

Wata safiya aka wayi gari shamuwa ta sauka a kan soron fada, ta tsaya tana fuskantar yamma. Galadima ya kawo masu duba fada, suka ce tsuntsuwar tana nuna wa Sarki hanyar Unguwar Shiru, gara a fasa tafiyar nan. Fadawa suka tsorata. Sarki ya fito ya ɗaga kai ya dube ta, ya ce, "Allah ya saka wa malamai. Abin da ni na gani shi ne shamuwa ba ta zuwa sai ruwa ya kusa. In gulbi ya cika, gora ba zai yi mana amfani ba. A buga tambarin yaƙi, jibi za mu tashi."

Runduna ta fita ba lifidi ko ɗaya, barade suna ta ƙunƙuni, suna cewa an fito da su tsirara. Dambo ya tsufa da hawa, aka bar shi. Jatau kuwa ya hau kusa da Sarki, kansa ba rawani sai hula. Galadima ya zauna riƙon gari, amma ya haɗa su da wani baransa mai doki mai gudu, wai don ya riƙa kawo labari.

Shirin shi ne maharba su tsallake can sama da mashigin tun da sassafe, su zagayo su faɗa wa jiragen da ke ɓoye a duhuwar kyauro ta hagu, dawaki kuma su kori Kwatawa zuwa bakin ruwa su ja linzami a nan. Rabin farko ya tafi daidai. Kwatawa suka tare, aka gwabza, suka juya suka faɗa ruwa, barade suka tsaya cak a gaɓa. Amma Ɗantunku ba wawa ba ne. Labarin tafki ya kai masa, ya kwashe jiragensa ya mayar da su hannun dama. Maharba suka tarar da kyauro ba kowa. Jiragen suka ɓullo ta inda ba a zata ba, suka yi wa dawakin da ke tsaye a gaɓa ruwan masu, ga shi ba lifidi. Dawaki suka firgita, sahu ya watse, Dargazawa suka ja da baya a guje har kan wani tudu. Baran Galadima bai tsaya ganin ƙarshe ba, ya karya linzami ya nufi birni.

A kan tudun mai ƙaho ya ɗaga ƙahonsa zai busa na komawa gida, kamar yadda aka saba. Sarki, jini na zuba a damtsensa, ya ɗaga masa hannu. Ya sauka daga doki ya zauna a ƙasa, ya ce a kira masa manyan runduna. Barde ya ce, "Zaki, an kore mu. Ranar ta rufu, ba a maganarta."

"Rana tana tsaka, Barde, ba ta rufu ba. Ni na yi kuskure, na ɗauka abokin gaba zai zauna inda muka bar shi. Yanzu kowa ya gaya mini abin da idonsa ya gani, ba abin da zuciyarsa ta ji ba."

Sannan wani ya ce bai ga an taɓa maharba ba, suna can ƙetare cikin kyauro, kuma da alama Kwatawa ba su san sun riga sun tsallake ba. Wani ya ce waɗanda aka rasa ba su da yawa, dawaki ne suka firgita. Jatau kuwa ya rarrafa bakin tudun ya daɗe yana leƙen gulbi, ya dawo fuskarsa a sake.

Ya ce, "Allah ya ba Zaki nasara, zo ka gani. Sun jawo jiragensu kan yashi ta wannan gaɓa, sun jingine masu, suna hura wuta za su gasa kifi. Sun san mu. Sun san Badargaje in an kore shi sau ɗaya ba ya waiwaye, gida yake tafiya ya yi shiru. Haka na yi, haka Baba Dambo ya yi. Ko mai tsaro ba su sa ba."

Sarki ya leƙa, ya ga haka ne. Ya sa mutum biyu suka zagaya da goruna suka kai wa Sarkin Baka saƙo. Ya bari har rana ta karkata, Kwatawa suka ci suka ƙoshi, wasu suka miƙe a inuwar jirage. Sannan maharba suka sulalo ta cikin ruwa, suka tunkuɗa jiragen da ke kan yashi igiyar ruwa ta tafi da su, suka ɗaura tsirkiyoyinsu busassu suka fara saki daga baya. Kafin Kwatawa su gane inda kibau ke fitowa, dawaki sun gangaro daga tudu, marasa nauyi, a kan busasshiyar ƙasa inda babu wanda ya fi Dargazawa. Ba a daɗe ana yi ba. Ɗantunku ya tsira da iyo shi da kaɗan daga mutanensa, sauran suka zubar da makamai. Kafin la'asar ta yi sanyi tutar Dargaza tana kan tsamiyar mashigi.

A birni kuwa labarin baran Galadima ne kaɗai ya iso, domin a Dargaza ba a aika mahayi da albishir ɗin nasara, tambura ne ke kawo shi tare da runduna. Galadima ya tara majalisa ya ce, cikin jimamin da bai kai zuci ba, alkawari ya cika, a naɗa Ciroma kafin gari ya rikice. Magajiya ta ce takobin sarauta yana cikin akwati, akwatin yana cikin ɗaki, ita kuma ƙafarta na ciwo, sai da safe. Da safen ma ta sa aka yi ta jiranta har hantsi ya ɗaga.

Aka zaunar da Ciroma Yari a kan buzu a ƙofar fada, yana zufa yana tambaya ko za a daɗe. Galadima ya warware sabon farin rawani ya fara naɗa masa da hannunsa. Ya kai rabi ke nan sai aka ji wani sauti daga kudu, can ƙasa-ƙasa. Hannun Galadima ya tsaya. Sautin ya ƙaru, kakaki ya shiga, mutanen da suka taru kallon naɗi suka juya masa baya suka ruga ƙofar gari. Ciroma ya zame daga ƙarƙashin rawanin ya bi ta bayan fada, ya bar surukinsa tsaye da ƙyalle a hannu, rabi a naɗe kamar gammo, rabi yana jan ƙasa.

Haka Sarki ya same shi. Ya sauka daga doki, damtsensa a ɗaure, Jatau na bayansa. Galadima ya zube, ya ce, "Zaki, an ce mini an kore ka."

"Ba a yi maka ƙarya ba, an kore ni jiya da safe."

"Na shirya, ranka ya daɗe. A yanka mini gona a bayan ganuwa."

Sarki ya karkata kai ya dube shi. "Gona ta yi maka sauƙi, Galadima. Gobe da hantsi za ka zauna a wurinka na kullum, ka gaya wa majalisa dalla-dalla yadda aka yi dattijo mai hankalinka ya yanke hukunci da labarin rabin yini. Bayan ka gama ni ma zan faɗi yadda na kai mutane bakin ruwa ba lifidi ban duba hannun dama ba. A aika a ɗauko Dambo a kan doki, shi ma yana da abin da zai gaya mana."

Galadima ya ɗago ido a raunane, don da a ce zaɓi aka ba shi da ya zaɓi noman gero har ya mutu. Ya miƙa rawanin zai ajiye a ƙafar Sarki.

Sarki ya ce, "Riƙe abinka, ai ba ka gama aiki ba. Tashi ka ƙarasa naɗin da ka fara." Ya kamo hannun Jatau ya zaunar da shi a kan buzun. "Ga kan da za ka naɗa wa. Naɗin Madawaki, ban da kunnuwa irin na rawanin sarakuna."

Galadima ya tashi, ya cire wa Jatau hula da hannunsa, ya fara zagaya masa rawanin a hankali gaban jama'ar Dargaza duka. Jatau ya zauna bai motsa ba, idonsa a rufe, hawaye na sauka a kan sabon ƙyallen. Da aka gama Sankira ya buɗe baki zai yi masa kirari, sai ya tarar bai san me ake ce wa mutumin da ya faɗi ya tashi ba, don ba a taɓa yin irinsa a garin ba. Ya juya ga Sarki a ruɗe.

Sarki ya ce, "Tambaye shi, Sankira."